Facin da Bai Kwana Ba

Ɗis. Ɗis. Ɗis.

Ruwa ne ke ɗiga cikin tsohuwar tasa a ƙarƙashin rumfar surukina, mahaifin maigidana. Haka yake gwada dogon takalmin roba irin na maharba da masu noman fadama: ya cika shi da ruwa, ya rataye a jikin azara, ya ajiye tasa a ƙasa. Ina durƙushe a madafa ina hura wutar kunu, kunnena yana jiran abin da ya saba biyo bayan ɗigar nan, wato tari biyu, dogon tsaki, sannan zagi. Shekara tara ina gidan, ban taɓa jin takalmi ya ɗiga sau goma tsohon bai fito ya tsine wa waɗanda suka ƙera shi ba. Ran nan na ƙirga har arba'in. Na ajiye ludayi na je na ce wa maigidana, "Leƙa Baba. Tasa na ta magana, shi bai tanka ba." Ya shiga ɗakin, ya jima, sai na ji salati.

Ashe dawowarsa daga sallar asuba ya rataye takalmin, ya kishingiɗa, carbi a hannu, shi ke nan. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci.

Na ɗauki biro ne domin na zauna cikin masu ta'aziyya kwana bakwai, na ji abin da aka faɗa da wanda aka haɗiye. In na bar maganar a haka, 'ya'yana za su tashi da rabin labarin kakansu, kuma mummunan rabin.

Jama'a sun zo, ba a ce ba su zo ba. An zo daga Lambara, an zo daga Dingyadi, an zo daga cikin Bodinga da Shagari, don ƙauyenmu a tsakani yake. Amma na halarci zaman makoki da dama, na san yadda ake yi wa mutumin da aka so. Addu'a tana fita, shaida na biye da ita. Shi kuwa Baba, tasa addu'ar fita take ita kaɗai ta tsaya cak. Wata tsohuwa ta shigo ta ce, "Allah shi jiƙan musulmi," ta gyara zama ta tambaya ko an daka gumba. Ta kusa da ita ta rage murya, amma ba yadda ba za a ji ba.

"Allah shi gahwarta mai bakinai. Wallahi baki gare shi."

"Baki kaɗai? Mijina ya taka tun daga Lambara da takalmi bisa kai, tsohon ga yac ce mai sai gobe. Ko ruwan sha bai ba shi ba."

"Ku yi shiru, ga surukatai nan."

"Ita ai ta hi kowa sani. Ita tas sha shi."

Suka dube ni da tausayi, kamar wadda aka kwance daga turke. Na sunkuyar da kai ina jan carbi.

Mafi muni ya faru ne a waje, inda mata ba ma zuwa, maigidana ne ya ba ni labari. Da aka ajiye makara, liman ya juyo ya roƙi duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa domin Allah. Aka amsa sama-sama. Sai wata murya ta taso daga baya:

"Ni ban yahe ba."

Ɗan gwaggon maigidana ne. Gwaggo ƙanwar Baba ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Kajiji, shi kuma wannan ɗanta ne na fari. A da maharbi ne da ake ji da shi, yanzu ƙafarsa ɗaya, yana dogara sanda a hammata. A bayan babur aka kawo shi.

Liman ya ce, "Subhanallahi! Ɗana, kawunka na hwa."

"Na san kawuna na, Allah shi gahwarta Malam. In mun tashi gobe ƙiyama shi maido mani ƙahwata, sa'annan mu yi zancen yahiya."

Aka yi sallar yana tsaye a gefe, ya jingina da bishiyar dogonyaro, bai ɗaga hannu ba.

Ba zan yi wa Baba ƙaryar kirki ba, don shi da kansa zai fi kowa jin haushinta. Mutum ne mai zafi. Asalinsa baduku ne, ya ɗinka takalman fata har roba ta zo ta kashe masa kasuwa, sai ya bi robar da faci, yana yi yana zaginta. Ranar da aka kawo ni gidan, aka gaya masa amaryar ta gama sakandare, ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "To, Allah shi sa ta iya hura wuta da Turanci." Daga ranar sunana ya ɓace. Sakandare, kawo ruwa. Sakandare, wane jahili yat taka mani almakashi? Mahaifiyar maigidana ta rasu tun kafin aurena, saboda haka abincinsa da ruwan alwalarsa duk a hannuna suke. Ban taɓa jin ya ce miya ta yi daɗi ba. In ya cinye ya yi shiru, to ta yi.

Dogayen takalman nan sun cika yankinmu ne a zamanin siyasa, lokacin da mulki ke hannun farar hula, shugaban ƙasa kuma ɗan yankinmu. Motoci na shigowa da takin zamani da injin ban ruwa da takalman roba, ana rabawa ana kiɗa. Maharba da ke raka 'yan takara suna harba bindigogi sama su ma aka ba su nasu, wasu iya gwiwa, wasu har cinya. Kowace ƙofa da tuta, ban da tamu. Da matasa suka zo kafa mana, Baba ya fito da wani takalmin da aka raba, ya ɗaga shi a rana, haske na ratsa shi. "Ku duba. Ɓawon albasa ya hi wanga kauri. Wanda yab ba ku wanga, in ya hau mi za shi ba ku?" Suka tafi suna kiransa ɗan adawa, alhali shi ko inda ake jefa ƙuri'a bai taɓa leƙawa ba.

Ba a jima ba abubuwa suka tsuke. Sabulu da madara sai an bi layi, kayan waje suka daina shigowa, sannan soja suka karɓe. Wanda takalminsa ya yage ba shi da inda zai sami sabo. Nan fa aka dawo wa ɗan adawa.

Na kalli aikinsa shekaru daga bakin madafa, na haddace shi kamar karatu. In ruwan da ya zuba bai nuna masa hudar ba, sai ya barbaɗa toka a bayan takalmin, inda tokar ta yi baƙi nan ne. Ya zubar da ruwan, ya shanya a inuwa, ba a rana ba. Ya yanko faci daga tsohuwar robar cikin tayar keke, ya zagaye gefenta da almakashi don kada ta sami kusurwar da ciyawa za ta kama. Yana da murfin gwangwani da ya huhhuda da ƙusa, da shi yake kankare wurin har ya yi kaushi. Sai ya buɗe gwangwanin sholisho, gam ɗin liƙe roba, wanda yake ɓoyewa a ƙarƙashin matashinsa, ya shafa wa takalmin ya shafa wa facin. Ba ya haɗa su nan take. Carbi yake ɗauka ya yi istigfari zagaye guda, ya taɓa da bayan yatsa, in bai like masa ba ya haɗa, ya bubbuga da taɓarya guntuwa. Daga nan ya cusa katako a ciki, ya kwantar da takalmin, ya aza masa tsohon dutsen niƙan marigayiya matarsa.

Sannan ya faɗi maganar da ta jawo masa baƙin jini a ƙasar nan: "Sai ya kwana."

A kasuwar Bodinga akwai masu facin da za su ɗora maka da wuta kana tsaye ka wuce. Baba yana kiransu masu gasa takalmi. Shi nasa sai ya kwana ƙarƙashin dutse, da safe a cika shi da ruwa a rataye, tasa ta yi shiru tun hantsi har azahar, sannan mai shi ya ɗauka. Ko daga ina ka zo. Na ga ranar da wani babban mutum mai gonar albasa ya zo da kansa, da mota da 'yan rakiya, yana son nasa kafin la'asar. Baba ya sauka daga kan buzunsa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa irin wadda ta kamata, ranka shi daɗe, Allah shi ja zamaninka, Allah shi ƙara girma, bai rage komai ba. Da ya gama ya ce, "Amma ranka shi daɗe, roba ba ta san sarauta ba. Sai ya kwana." Mutumin ya ɗauki takalminsa ya kai wa masu gasawa. Bayan kwana huɗu aka aiko da shi a ɓoye, ya ƙone ya buɗe baki. Baba ya yi dariya har da tari, ita ce dariyarsa ta farko da na gani.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Ɗan gwaggo abokin wasan maigidana ne, ɗan mace da ɗan namiji, don haka ni ma wasa ke tsakaninmu. In ya shigo gidan tun daga zaure yake kira, "Ina matata 'yar boko? Har yanzu ba ki gaji da wanga raggo ba?" Ni kuma in ce masa maharbin kurciya. Duk zuwan da zai yi sai ya riƙo mini wani abu, zabuwa ko agwagwar ruwa, musamman da ya ji ina da cikin fari, ina kwaɗayin nama a shekarar da nama ya gagari tukunyarmu.

Wata Juma'a a ƙarshen damina ya zo da takalminsa mai kaiwa cinya, ƙafar dama ta yage a idon sawu, kututture ya kama ta. Baba ya yi aikin da hantsi, ya aza dutse, ya ce sai ya kwana, ya saka rigarsa ya tafi masallacin Juma'a a Bodinga tare da maigidana. Ɗan gwaggo ya bi su har bakin hanya, ya ce ya yi mantuwa, ya dawo.

"Matata, taimake ni. Ɗinya, manyan agwagin ruwan nan, sun sauka hwadama, abokaina na jirana. Gobe war haka sun tashi."

"Baba ya ce sai ya kwana."

"Kawu ko tuwo anka ba shi cewa yakai sai ya kwana. Ke da kinka yi boko, sholisho na san dare da rana? Duba, ya bushe ƙarau."

Na duba gefen facin, na taɓa, ya bushe a ganina. A raina ma na ce tsohon nan tsaurin kai ne kawai, mun karanta kimiyya, ba inda aka ce gam yana jiran asuba.

"In ya dawo ya tambaya fa?"

"Ki ce ni niɗ ɗauka. Ni da kawuna, mi za shi yi mani? Kuma ɗinya guda taki ta, ke da ɗan cikinki."

Dutsen ya fi ƙarfin hannu ɗaya, kuma shi yana riƙe da bindiga. Ni na durƙusa da cikina na ture shi, ni na zaro katakon, ni na miƙa masa takalmin. Har na yi masa addu'ar sa'a.

Baba ya dawo bayan la'asar. Ya tsaya a bakin rumfa ya dubi dutsen a gefe, ya dubi sawun gwiwoyina a ƙasa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Wa yaɗ ɗaga dutsen ga?"

"Ni ce, Baba. Ya matsa mani, ya ce..."

"Ban tambaye ki mi yac ce ba."

Ya shige ɗaki. Tuwon da na kai masa haka na ɗauko shi.

Washegari da rana labari ya iso. Facin ya ɓalle a tsakiyar fadama, takalmin ya cika da ruwa da laka, ya yi nauyi yana goge masa ƙafa. Da suka fito tudu sai ya cire duka biyun ya rataya a kafaɗa, ya bi ciyawa da ƙafa tsirara. Nan kububuwa ta sare shi. Aka yi na gida, aka ɗaure, aka tsaga, aka kai shi asibiti a birni a lokacin da magani ya yi wuya ko'ina. Allah ya bar masa ransa, amma ƙafar ta ruɓe, aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Gwaggo ta zo gidanmu kafin a sallamo shi. Ba ta yi sallama ba. Ta jefa wa Baba takalmin a gabansa, facin na lilo kamar harshe.

"Ga aikinka! Kowa na hwaɗin kana sirka sholisho da kananzir don rowa. Ɗan ƙanwarka ma sai da ka sirka mai?"

Ashe shi ɗan gwaggo, cikin zafin ciwo da kunya, bai gaya wa kowa yadda ya sami takalmin ba. Ya ce dai Kawu ne ya yi facin, facin kuma ya ɓalle. Daga baya na gane har a ransa ya yarda da zancen sirkin, don ya fi sauƙin ɗauka.

Ina tsaye a bakin madafa, na buɗe baki, Baba ya juyo ya watsa mini wani kallo.

"Sakandare, wa yak kira ki? Koma ga tukunyarki."

Ya ɗauki takalmin ya jujjuya shi, ya ce wa ƙanwarsa, "Hwacina na. Ya ɓalle. Sai mi?"

Ta yi masa baki iri-iri, ta ce ba ita ba shi har kabari. Da ta tafi na je na durƙusa a bakin rumfa ina kuka, na ce ya bar ni in bi ta in faɗi gaskiya.

"Ki hwaɗa mata, sa'annan mi? Ƙahwar ta tsiro? Na san ƙanwata. Ba ta barin ki kwana gidan ga, da cikinki za ta sa a kore ki, kuma ɗana ba shi iya tsayawa gabanta. Ni sun saba zagina, zagi guda na anka ƙara. In kinka buɗe baki ina da rai, ban yahe maki ba. Tashi ki ba ni wuri, kina tare mani haske."

Na yi shiru shekara shida. Ina so in ce biyayya ce, amma Allah ya san akwai tsoro a ciki, kuma tsoron ya fi yawa. Ko maigidana ban gaya wa ba.

Zancen sirki ya bazu har kasuwar Shagari. Masu kawo aiki suka ragu, sai waɗanda ba su da yadda za su yi, su ma suna miƙa takalmin suna shinshina gwangwanin. A masallaci aka daina matsa masa wuri. Ya ƙara zafi, ya ƙara baki, ya zama abin da suke faɗa har ya wuce. Ni ma bai sassauta mini ba ko kwana ɗaya. In na wuce ta gaban rumfa da tulu sai ya ce da iska, "A yi hankali da dutse, ga masu ilimi nan tahe." Mutum ɗaya ya bari ta zauna a kan buzunsa, 'yar da na haifa daga wancan cikin. Yana kiranta amaryarsa, tana kiransa tsoho mai warin roba, yana yanka mata 'yan tsuntsaye da ragowar faci.

Abu guda na gani da ba wanda ya sani. Duk kaka, in an yi girbi, sai ya auni gero daga rumbunsa ya ba wani mai jaki ya kai Kajiji, a ce daga wani abokin farauta ne. Na ji shi yana gargaɗin mai jakin: "In kac ce ni na, sai na hwasa maka kai."

Ranar addu'ar uku gwaggo ta zo, don idon jama'a. Ta zauna a tsakar gida ba hawaye, tana karɓar gaisuwa da ka. Ɗanta ya ƙi shiga zaure, ya zauna a kan kututturen da ke ƙofar gida, sandarsa a cinya. Wata mata ta ce wa gwaggo ta yi haƙuri ta yafe, mutuwa ta raba. Gwaggo ta ce, "Wanda yac cuci ɗana don ɗigon kananzir? Ƙasa ta yi mai nauyi yadda sandar ga ta yi ma ɗana."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ya ce kada in buɗe baki yana da rai, to, ga shi ba ya da shi. Na yafa mayafi na ratsa mata, na tsaya a bakin zaure ta ciki inda maza za su ji ni. Maigidana ya taso yana tambayar lafiya, na ce ya kira mini ɗan gwaggo kusa. Ɗan gwaggo ya ƙi tasowa, saboda haka daga nan na yi maganar.

"Baba bai sirka komai ba. Takalmin bai kwana ba. Ya aza dutse ya tafi masallaci, ka dawo ka roƙe ni, ni na ture dutsen na ba ka. Ka tuna ko ba ka tuna ba?"

Na ji ƙarar sanda a ƙasa, ƙwas, ƙwas, har ya iso bakin ƙofa. Shekara shida rabon da in ga fuskarsa kusa. Ya rame, gemunsa ya yi fari.

"Kwana guda na za shi hana hwaci ɓallewa?"

"Ka taɓa jin wani nasa da ya kwana ya ɓalle? Tambayi duk wanda ke zaune nan."

Can wani dattijo daga Dingyadi ya ce a hankali, "Nawa shekara biyar ke nan, robar ta mutu, hwacin na nan."

Gwaggo ta taso mini ta baya. Abin da Baba ya faɗa shekara shida da suka wuce, duk sai da ta yi shi, kalma ba ta sauya ba. Ta ce munafuka, 'yar boko mai kashe gida, ta cuci ɗana ta cuci yayana, ta bar ni na tsine wa ɗan'uwana har ya mutu. Wannan ta ƙarshen ita ta karya ta, ta zube a ƙasa ta fasa kukan da ba ta yi ba tun zuwanta. Matan da suka tausaya mini shekaranjiya suka janye tabarminsu daga kusa da tawa. Da aka watse maigidana ya same ni a ɗaki. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Shekara shida ina jin kunyar ubana cikin kasuwa." Bai kore ni ba, gwaggo ta nema, ya ce mata Baba ya riga ya yanke wannan hukunci, ba shi tayar da shi. Amma har yau muryarsa ba ta koma yadda take ba.

Ɗan gwaggo ya tafi ran nan bai janye maganarsa ba. Na kwana huɗu ina roƙon Allah, ba don kaina ba, don kalmar nan da ya faɗa a kan makara ta sauka daga kan tsohon.

Ranar bakwai da hantsi na ji babur ya tsaya. Aka yi sallama a zaure, aka ce ni ake kira. Yana tsaye da sandarsa, ƙurar maƙabarta a takalmin fatar da ke ƙafarsa. A hannunsa akwai dogon takalmin roba ƙwaya ɗaya, na hagu, abokin wancan. Da shi yake shiga ban ruwan albasa yanzu. Ya tsage a dunduniya.

Bai kira ni matata ba. Bai kira ni komai ba.

"Daga wurin Kawu nike. Na gaya mai na yahe, na kuma roƙe shi nashi. Mai jakin ga ma ya zaka jiya ya hwaɗa mani zancen gero." Ya kau da kai. "Ke kuwa ban sani ba tukuna. Ni niy yi roƙo, ke kinka ɗaga. Kullum in na aza sandar ga ƙasa sai in tuna mu biyu."

Ya jefo takalmin gabana, kamar yadda uwarsa ta taɓa yi.

"An ce kin haddace aikin. Shi kaɗai gare ni, kuma masu gasawa ba su taɓa shi. Yaushe zan aiko?"

Na ce, "Gobe bayan azahar."

Ya dube ni, ya juya.

Na shiga rumfar Baba, na zauna a gefen buzun, ban iya hawa kansa ba. Gwangwanin yana nan ƙarƙashin matashi, saura kaɗan a gindi, na shinshina, ba ɗigon kananzir. Na wanke takalmin na shanya a inuwa. Na yanko robar na zagaye gefenta, na kankare da murfin nan mai huda, na shafa nan na shafa can. Na ɗauki carbinsa na yi istigfari zagaye guda, ban taɓa yin wanda na ji har ƙashina kamar shi ba. Na haɗa, na bubbuga, na cusa katako, na turo dutsen na aza.

Da la'asar hankalina ya ƙi kwanciya. Ina ta tunanin ko facin ya zame da na aza dutsen, ko gefe ɗaya ya naɗe. Na ce bari in ɗan ɗaga in leƙa kawai, in mayar. Na durƙusa a daidai inda na taɓa durƙusawa, na sa hannu biyu a jikin dutsen.

Sai na ji ɗan hannu ya kama mini zane ta baya. 'Yata ce, tsuntsun roba a ɗaya hannun, ta haɗe gira irin ta kakanta sak.

"Inna, cire hannunki. Tsoho ya ce sai ya kwana."